Kunne Ɗaya

Bara dami arba'in na zuba a rumbu.
Da bazara na hau tsani na leƙa,
rabi ya koma ƙaiƙayi,
ga kashin ɓera kamar an watsa baƙar shinkafa.
Marka ta ce, in ɓera da sata, daddawa ma da wari:
tun kaka nake ce maka gindin rumbun nan ya tsage.

Na sayo magani a kasuwar Shuwarin,
na kwaɓa da ƙuli-ƙuli.
Ɓera bai taɓa ba.
Zabin Tanimu ne suka ci,
huɗu, ƙafafu a sama.
Har yau gaisuwarmu ba ta wuce ta bakin hanya.

Wani mahauci ne ya nuna min bayan kwata,
inda ake zubar da tumbi.
Can suke, ba mai su,
idanu kawai cikin duhun kwalbati.
Ni da Ilu muka kafa kwando da kan kifi,
muka yini.
Biyu suka shiga: muzuru baƙi,
da wata mai ruwan toka, kunnenta ɗaya a yage.
Ita ce ta yi min wannan zanen a bayan hannu.
Duba, layi uku.
Wannan ba kyanwar Lami ba ce.

A buhu muka ɗauko su bisa babur,
buhun na zagina har Katanga.

An ce a tsare su sati biyu, su san ƙasar.
Na sa su a tsohon akurki, gindin rumbu,
ruwa a kasko, ɗan tuwo da romo.
In na matso, huci.
In na juya, kaskon ya bushe.

Ran da na buɗe, muzurun bai yi sallama ba,
ya haure danga, ya bi ta cikin kara.
Ita ta fito a hankali,
ta shinshina kowane dutsen da rumbu ke zaune a kai,
kamar mai duba gonar da za ta saya,
sannan ta shige ƙarƙashi.

Dare na uku na ji tsuwa, gajeriya.
Da asuba, kan hanyar buta,
wutsiya da kai, an ajiye a tsare.
Ban san ko kyauta ba ce, ko rasit.

Kada in yi mata ƙarya:
ta ci ɗan tsakon Marka guda biyu.
Marka ta ɗauko muciya,
ta ce ɓarawo ka kawo ya kori ɓarawo.
Na ce lissafa, tsako biyu, dami ashirin.
Ba ta lissafa ba.
Ta dai sa Ilu ya ɗaure ƙofar akurki da waya,
kuma na kama ta, ranar Juma'a,
tana ajiye ƙashin kaza inda ba ta saba zubarwa ba.

Bana gero ya kai mu har shuka.
Wake ma, ban da na ƙwari, yana nan.

Har yanzu ba ta yarda na taɓa ta ba.
Ba ta shiga ɗaki, ba ta amsa kira.
In na zauna da yamma ina gyaran fartanya,
takan zauna nesa, kamar taku bakwai,
ta juya min kunnen nan mai lafiya.
Ni ba ubangidanta ba ne.
Maƙwabta muke, kowa da abin da yake tsaro.

Shekaranjiya na ji ƙananan muryoyi a ƙarƙashin rumbu.
Na durƙusa da tocila: huɗu,
ɗaya baƙi wuluk.
Ashe wancan bai yi nisa ba.

Yau da safe Tanimu ya tsaya a bakin danga,
ya daɗe yana gyara hula.
Ya ce, an ce taka ta haihu.
Na ce, ba tawa ba ce.
Amma in sun buɗe ido, zo da kwando,
ka kuma naɗe hannunka da tsumma.